An Kawo wa Jitata Markaɗe

Jama'a, yau an kawo wa jitata markaɗe!

Muna gwajin waƙa a cocinmu na Tungan Maje, bikin ƙanwata jibi. Na jona na'urar jitata mai kwaikwayon amfilifaya da sababbin sifikun coci. A iyafis ɗin da ke kunnena daɗi kamar me, a sifika kuwa ƙara mai tsaga kunne. Na rage tirebul, wato kaifin sautin, sai ka ce an danne jitar da filo. Na mayar, mawaƙa suka toshe kunne.

Sai ga maƙwabciyarmu Maman Ladi da robar tattasai.

"Ina injin? Na ji kun tayar."

Na ce, "Mama, jita ce."

Ta nuna jitar. "Ɗana, wannan za ka kaɗa wa amarya?"

Don Allah, wa ya san inda zan taɓa a na'urar nan sautin ya gyaru?