Tsagar da Na Rufe da Laka

Shekara talatin ke nan da rasuwar Yaya Bukar, mai jirgin fito a mashigin kogin Komadugu. Ba jini ya haɗa mu ba. Ni baƙo ne daga Damagaram, ya karɓe ni muka yi tarayya a jirgi, muna ƙetarar da mutane da buhunan tattasai, tun Diffa ba ta wuce ƙauye ba.

A shekarun hamsin gara ta cinye mana jirgin farko, saboda da rani, in kogi ya ƙafe, a ƙasa muke yasar da shi. Da muka sami sabo, Yaya Bukar ya ce sai an yi masa mazauni. Ya samo ragowar siminti wajen masu ginin rijiya, muka zuba bulo huɗu. Dokarsa ɗaya ce: ƙarfen da zai riƙe katako, tun siminti na ɗanye ake dasa shi. Ya dasa uku, ya bar mini na huɗu, ya tafi Shetimari ta'aziyya.

Na manta. Sai da bulon ya bushe na tuna. Maimakon in jira shi, na ɗauki guduma na kafa katakon da babbar ƙusa. Bulon ya tsage daga sama har ƙasa. Na shafe tsagar da laka, na ja bakina na yi shiru.

Ranar ɗora jirgin, mutum goma suka ɗora shi a kan mazaunin. Suka watse. Yaya Bukar ya ɗauki kwalta da tsumma, ya kwanta rigingine a ƙarƙashi yana toshe kafofi. Duk bugun da ya yi, sai in ga lakar tana zuba kaɗan-kaɗan. Kansa bai fi kamu biyu daga bulon nan ba. Ina tsoron ya mutu, ina kuma tsoron ya san ko ni wane ne. Har yau ina jin kunyar cewa tsoron biyu sun ɗan yi kokawa.

"Yaya, fito," na ce.

"Saura kaɗan, Sani."

"Don Allah fito. Na huɗun a tsage yake. Ni na tsaga shi."

Ya jawo jiki a hankali, ya kankare lakar da farce, ya daɗe yana kallo. Muka tokare jirgin da kututturen goruba. Bai zage ni ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Yau masu walda kan haɗa mazaunin ƙarfe kafin azahar, su lulluɓe shi da fenti. Da yana nan, na san sai ya sa farce ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Jirgin ya ruɓe tuni, bulon ma yashi ya binne su. Abin da ya rage mini shi ne abin da ya yi washegari. Muka zuba sabon bulo, ya miƙo mini ƙarfen, ya juya baya ya tafi masallaci. Da aka mayar da jirgin, bai ko duba aikina ba, ya sake kwantawa a ƙarƙashi.