Gorar Ruwan Badagiri

Lailatu mai gyaɗa tana kallon wata dattijuwa da ta sauko daga motar 'yan biki a tashar Birnin Gwari. Ankonta ya yamutse, lallenta ya koɗe. Sauran matan suna ta nuna hotunan teku da tsofaffin gidajen Badagiri, inda suka kai amarya. Ita kuwa gorar roba ta rungume, yashi kwance ƙarƙashin ruwan. Wataƙila ba ta da waya, in ji Lailatu a ranta.

Wani ɗan acaɓa da zai kai ta ƙauyen Kusasu ya miƙa hannu. "Iya, sammini in jiƙa maƙoshi."

"Kai, yaro, ruwan teku ne! Malam maigidana na kawo wa. Idonsa ya tafi, hoto ba zai amfane shi ba. Ko ɗanɗanawa ya yi."

Ta goya gorar da zane, ta hau babur.