Takobin Kaka da Tokar Murhu

Bari in gyara zance, don na gaji da maimaitawa. Mutanen unguwarmu ta Fezzan sun ce takobin da Kaka ya dawo da shi daga Yaƙin Bama, inda suka gwabza da sojojin Japan, sifirin mota ne, maƙerin Yerwa ya buga masa. 'Yan gidanmu kuma sun ce zanen nan mai lanƙwasa a bakinsa datti ne, shekara arba'in suna dirzarsa da toka duk jajiberin Sallah. Dukansu ba su san komai ba. Bayan rasuwar Kaka, Kawu Modu ya rantse in ba a kawo shaidar cewa takobin gaske ne kafin Layya ba, maƙera zai kai shi a fitar masa da wuƙaƙen fiɗa uku. Na ji akwai ɗan Japan a wata masaƙa a Kaduna, na ce ni zan je.

Maiduguri zuwa Kano

Biyar da kwata na asuba na shiga Fijo, takobi naɗe a tabarma.

"'Yar'uwa, wannan kuɗin mutum biyu ne," in ji direba.

"Ka ga yana numfashi?" Na ɗora shi a cinya, rabinsa ya leƙa ta taga.

A shingen da ke bayan Damaturu soja ya kwance tabarmar. Na ce na kakana ne, kofur a Yaƙin Bama, ya rasu. Ya ƙame ya sara wa takobin, ya ce, "Babana ma ya je Bama, shi tari kawai ya kawo mana." Sai ya roƙi ya gwada shi a kan rake. Duk motar muka sha. A Potiskum na ci masa ta kobo hamsin, ba miya.

Da magariba na sauka gidan Gwaggo Yagana a Fagge. Kafin in idar da sallar asuba ta wanke takobin da toka da lemon tsami.

"Gwaggo, wa ya sa ki?"

"Ba a kai wa baƙo abu da datti, mara kunya."

Kaduna

Sha ɗaya da rabi na iske ɗan Japan ɗin a masaƙa, gajere, baƙin mai har gwiwar hannu. Da Turancin sakandare muka lallaɓa. Ya ce shi makaniken inji ne, bai taɓa riƙe takobi ba, ubansa kifi yake sayarwa. Kilomita ɗari takwas don ɗan mai kifi!

Amma da na warware tabarmar, ya je ya wanke hannu, ya rusuna. Na zaci wani abu ya yar, har na taya shi duba ƙasa. Ya sa ƙusa ya ture wani ɗan itace a ƙotar, ƙota ta zare sumul. Mu ba mu taɓa sanin tana cirewa ba. Ciki baƙar tsatsa ce, ga rubutun Japan. Ya karanta sunan maƙerin, ya ce lokacin da aka buga shi ba a haifi kakan Kaka ba.

Na kai gefen mayafi zan goge tsatsar. Ihun da ya yi, sai da masu gadi suka rugo. Wai tsatsar nan ce shaidar shekarunsa. Zanen bakin kuwa, maƙeri ke shafa yumɓu kafin ya tsoma ƙarfen a ruwa, da shi ake gane gwanintarsa. Saura kaɗan ya ɓace.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu duka. Har yau da safe."

Ya zauna a ƙasa. Da ya dawo hayyacinsa ya rubuta mini takardar shaida da rubutunsu, ya ce ban da man keken ɗinki kada komai ya ƙara taɓa shi.

Gida

Washegari bayan la'asar na iso, Alhamdu lillahi, na gode wa direban da bai yi min magana ba ko sau ɗaya. Kawu ya juya takardar sama da ƙasa.

"Ke, wa zai karanta wannan a Borno?"

Sai na cire ƙotar a gabansa. Ya ga rubutun, ya yi salati, ya ce ya janye maganar wuƙaƙe. Sannan ya leƙa tsakar gida ya ƙwala kira: "Ku kawo toka, ashe ciki ma duk tsatsa ne!"

Na fizge takobin na shige ɗaki. Yana cikin akwatina, makulli a wuyana, kuma da shi zan koma makarantar horon malamai. Mai son ganinsa ya nemi izini a rubuce.