Mutumin da Muke Kira Idan Tarko Ya Kama

Ƙarfe biyar na asuba Kurogi Tatsumi yake tashi, rani da damina. Ya dafa shayi, ya ajiye ƙaramin kofi ɗaya gaban hoton marigayiya matarsa, sannan ya zauna a bakin ƙofa, takalman roba a ƙafa, waya a kan gwiwa. Ba ya kiran kowa. Jira yake a kira shi. Wajen shida da kwata wayar takan yi ƙara, domin a lokacin ne jaruman kwarin nan irina suke hawa gona su tarar tarkonsu ya kama, su tsaya daga nesa suna kallon barewa, ita ma tana kallonsu.

Ba ya tambayar lafiyarka. Abin da yake cewa ke nan kullum: "Ja da baya, kada ta gan ka. In ta gan ka tsalle za ta yi ta yi, igiyar ƙarfen tana cin ƙafarta." Daga nan ya buɗe akwatin bindiga, ya hau tsohuwar a-kori-kurarsa, ya kama hanyar dutse.

A ƙarshen watan jiya ya miƙa wa 'yan sanda bindigar, yana da shekara saba'in da takwas. Aka ce ni zan rubuta masa wani abu a wannan 'yar jaridar tamu ta wata-wata, wai don na yi shekara ashirin da biyar ina aikin ofis a birni, na san kan biro. Gaskiyar ita ce ni na fi kowa kiransa, don haka aka ga ni ya kamata in fi kowa jin kunya.

Mu ashirin da uku ne muke da lasisin ɗana tarko a kwarin nan, kowa da abin da ya kai shi daji. Hidaka Gen ya ce shi don nama yake yi, matarsa ta ce don ya tsere wa wanke-wanke ne. Akwai wanda likita ya ce masa ya riƙa tafiya a ƙasa, ya ga tafiya ba dalili hauka ce. Akwai wanda 'ya'yansa duk sun tafi birni, ba shi da wanda zai daka wa tsawa sai karnuka. Ni kuwa kabeji ne ya kai ni. Shekara shida da suka wuce na dawo gida don in kula da mahaifiyata, muka wayi gari barewa sun cinye mata kabejin da ta yi wata uku tana lallaɓawa, ba su bar mata ko na miya ba. Ta tsaya a bakin gonar da sandarta, ta ce, "Da mahaifinka ne, da ba tsayawa zai yi yana kallo ba." Na tafi na zauna jarrabawar lasisi, na ci da maki mai kyau ƙwarai. Har yau takardar tana rataye a ɗakina. Babu tambaya ko ɗaya a jarrabawar da ta shafi abin da mutum zai yi idan dabbar ta ɗago kai ta dube shi.

Ranar da tarkona ya fara kamu, na kira Gen, shi kuma ya kira Baba Tatsumi. Ya zo, ya zagayo ta bayan iska, ya durƙusa. Harsashi ɗaya. Kafin ƙarar ta gama dawowa daga dutsen tsallake, komai ya lafa. Ya rufe mata ido, ya juya kanta ta fuskanci tsauni, ya yanki ɗan bakin zuciyar ya soke a tsinke don abin bautar dutsen, ya tsiyaya giyar dankali kaɗan a ƙasa, kamar yadda kakanninmu suke yi. Ni duk wannan daga bayan bishiya na gani, inda na je na mayar da karin kumallona.

Da aka gama fiɗa ya kasa naman kashi uku daidai, yadda al'ada take: duk wanda ya halarta, kasonsa ɗaya da na wanda ya harba.

Na ce, "Baba Tatsumi, ni me na yi?"

Ya ce, "Ka tsaya, Akawu. Wasu gudu suke yi."

Gen ya ce, "Yaya Tatsu, ai ƙafafunsa ne suka ƙi tafiya. Ka ba ƙafafun kasonsu, shi kuma a ba shi ruwa."

Tun daga ranar sunan Akawu ya bi ni, kuma tun daga ranar nake kiransa. Na lissafa a raina, sau arba'in da wani abu. Ni in ɗana, shi ya ƙarasa, ni in ci nama har in koya wa baƙi yadda ake gasa shi.

Kowa a kwarin nan yana da labarinsa. Tsohuwa Fusa, wadda jikanta ya ɗana mata tarko ya koma birni abinsa, ta ce shekarar da guguwa ta zaftare hanya, da ƙafa ya hau mata, tafiyar awa biyu cikin taɓo, don aladen daji da yake ta kururuwa a bayan gidanta. Ya gama, ya ƙi shan shayi, wai kada ya ɓata mata tabarma. Gen kuma ya shaida wanda ya fi wannan nauyi. Ranar da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwar matar Baba Tatsumi, Sumie, dangi sun taru, malamin ibada ya gama karatu an zauna cin abinci, sai wayar ta yi ƙara. Ya tashi ya tuɓe baƙar rigar makoki, ya sa ta daji. 'Yar'uwar marigayiyar ta ce masa, "Yau ma? Ko yau ɗin nan?" Ya ce, "Ita ta riga ta huta. Wancan bai huta ba." An yi ta maganar a gari, kuma ba duka maganar mai daɗi ba ce. Ni ma na tsoma bakina. Ban faɗa wa kowa cewa ni ne na kira ba. Na manta ranar ce. Yau na faɗa.

Kai ne ka ɗauke mana ɓangaren da ba a ba da labarinsa a wurin shan giya, Baba Tatsumi. Kai ne ka bar mu muna kiran kanmu mafarauta alhali hannuwanmu fes. Shinkafar da ta kai girbi a gonakin kwarin nan, da waken tsofaffin da ba su da ƙarfin kafa shinge, duk albarkacinka suka tsira. Ba ka taɓa cewa da ɗayanmu kowa ya ɗebo da zafi bakinsa ba, ko da yake mun cancanci a faɗa mana.

A sanyin bana ne abin ya faru, a tarkon Gen. Harsashin farko ya kauce, ya sami barewar a muƙamuƙi. Gen ya ce kukan da ta yi ba ya son ya sake jin irinsa. Na biyu ya gama aikin. Baba Tatsumi ya zauna a kan kututture, bindiga a cinya, har Gen ya gama fiɗa shi kaɗai. Sati biyu bayan haka likitan ido ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani.

Muka yi tawaga, ni da Gen, muka je ba shi baki kada ya ajiye bindiga. Mun ce don shi muka je. Don kanmu muka je. Ya zuba mana shayi a baranda, ya turo mana kwanon kayan lambu masu tsami.

Gen ya ce, "Yaya Tatsu, kuskure ɗaya a shekara hamsin da huɗu. Ai ko makancewa ka yi gaba ɗaya, ka fi mu ashirin da ukun nan a haɗe. Dubi Akawu, idanunsa huɗu, me ya taɓa kashewa in ban da lokaci?"

Ya ɗan murmusa. Sai ya ce, "Kun san abin da ya sa na sayi bindiga?"

Ba mu sani ba. Ba mu taɓa tambaya ba. Mun ɗauka an haife shi da ita ne.

Ya ce yana ɗan shekara ashirin da huɗu ya ɗana wa aladen daji tarko a saman gonar mahaifinsa. Washegari aka yi bikin ɗaurin auren abokinsa a garin bakin teku, ya tafi da niyyar kwana ɗaya, ya yi huɗu. "Daɗi ya yi daɗi, na manta da tarkon. Da na dawo na hau, sai na tarar da ƙasa duk a tone, an zagaye bishiyar har ɓawonta ya saɓule. A cikin igiyar ƙarfen, ƙafar barewa ce kawai, daga gwiwa zuwa kofato. Ta yi ta juyi har ta rabu da ita." Ya kurɓi shayi. "Sanyi biyu a jere ina ganin sawunta a kan ƙanƙara, uku-uku. Na sayi bindiga don in same ta in ƙarasa abin da na fara. Ban same ta ba."

Baba Tatsumi ya ajiye kofinsa.

"Ni ba son farauta nake yi ba," in ji shi. "Sumie kaɗai ta san haka. Abin da nake so shi ne kada abin ya daɗe. Yanzu kuwa ni ne nake sa shi daɗewa. To me zan riƙe bindigar in yi?"

Muka sha shayinmu muka tashi.

Kwana tara bayan ya miƙa bindigar, tarkona ya kama. Sai da wayar ta fara ƙara a kunnena sannan na tuna. Kafin in kashe ya ɗauka. Na ce, "Yi haƙuri, Baba, hannuna ne ya saba." Ya ce, "Ja da baya, ina zuwa."

Ya zo da wani dogon abu naɗe a tsohon bargo: mashin mahaifinsa, ya wasa shi har yana ɗaukar ido. Ya miƙo mini. Na dubi mashin, na dube shi, na fara yi masa bayanin ciwon kafaɗata. Bai saurara ba. Ya nuna mini yadda ake jefa igiya a ɗaure kan don kada ta yi ta fizga, ya tsaya a bayana har ina jin numfashinsa, ya ɗora yatsa a kan ƙirjina, nan ƙasan wuya. "Nan ne a jikinta. Kada ka rufe ido. In ka rufe, ita za ta biya."

Ban rufe ba. Ba zan ce na yi da kyau ba. Da aka gama na zauna a ƙasa, ina ɗan shekara hamsin da biyar, ina share fuska da hular aiki. Ya duba agogonsa, ya ce, "Bai daɗe ba." Ya juya yana neman hanyar mota da ƙafa, a hankali, yana laluben saiwoyin da a da yake tsallakewa ba tare da ya duba ba. Na bi shi na kama masa hannu. Bai ƙi ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Mun gode, Baba Tatsumi, mu da muka ci nama, da tsofaffin da suka girbe gonakinsu. Waɗanda suka fi cancanta su gode maka ba su da baki, kuma ba su san da wanda ya rage musu awannin wahala ba.

Ku kuma 'yan'uwana ashirin da biyu, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ga shi ta ƙare. Baba Tatsumi ya ce duk ranar Asabar da safe zai zauna a farfajiyar ɗakin ibada ya koya wa duk wanda ya zo, muddin idonsa yana iya bambance mutum da bishiya. Takarda tana manne a ƙofar ɗakin taro. Zuwa jiya suna huɗu ne a jiki, ɗaya nawa ne, ɗaya na Gen, wanda ya ce matarsa ce ta rubuta masa. Ku je ku sa naku. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, ba abin kunya ba ne, ni shaida ne. Amma ya hau gona yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi, ya kwance tarkonsa.