Katantanwar Dutse a Gaba Goma Sha Ukku

Muna sallame asuba muka bar Gazawa, ni da abokina mai moto, wato babur. Jama'a, ku ji dalili! Hoto aka turo mini a waya: dutse ne da katantanwa cikinshi, ita ma ta zama dutse. Wani mai haƙar rijiya ya hiddo shi a wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa. Ni lakol, wato boko, ban yi nisa ba, a waya na koyi sanin irin waɗannan duwatsu, sai na tura ma wata malamar jami'a hoton. Ta ce ta ruwan daɗi ce, wataƙila ba a taɓa rubuta irinta ba, har suna ana iya raɗa mata. Amma fa in ba a san zurfin da ta fito ba, aikin banza ne.

A Agye muka ci ƙosan dala ashirin a tsaye. A Cadawa jandarma ya ce ina za mu, na ce neman katantanwa. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Daga nan sai rairayi, sau biyu muna tura moto, amalanken jaki na wuce mu.

Muka isa gidan mai haƙar rijiyar. Ina dutsen? Tsohuwar gidan ke goge kaushi da shi! Ta dama mana fura, ta miƙo mini shi tana mita.

Da muka leƙa rijiyar, ashe an riga an shafe ta da siminti har ƙasa. Na ce ma mai haƙar, “Baba, shi ke nan, zurfin ya ɓace.”

“Wa ya ce maka?” Ya jawo tsohuwar igiyarshi, duk tsummoki ɗaure. Ashe duk inda ƙasa ta sake launi sai ya ɗaura tsumma. “Ga jar ƙasa, ga farar laka. Naka nan munka ishe shi, gaba goma sha ukku.” Wallahi har tsalle na yi! Muka shimfiɗe igiyar, muka auna da mita.

Kafin magariba muna gida. Malama na ganin hoton igiyar ta kira, ta ce in kawo dutsen.

Gaskiya tun safe sunana nake gwada ma katantanwar a zuci. Amma ni hoto na gani, wani kuwa ya shiga rami, yana ajiye labarin ƙasa a jikin igiya. Na ce mata, in dai sabuwa ce, sunan Baba za a sa.