Baba Tsari, Wanda Ya Koya wa Inji Karanta Zane

Kafin a buɗe babbar ƙofar masana'antar, Baba Tsari ya riga ya shiga ta ƙaramar. Yakan jingine kekensa a bayan sito, ya ratsa tsakanin injuna yana taɓa kowanne da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, sannan ya haura ɗan ofishinsa mai tagar gilashi da ke kallon filin aiki. Zai haɗa shayi, ya manta da shi har ya huce. Sai ya jawo zanen farko na ranar, ya gyara zaman tabarau, ya ce da kwamfutarsa, "To, mutuniyar, yau me kika gani?"

A makon jiya ya yi ritaya. Ni mai gyaran famfunan ban-ruwa ne, na daɗe ina kai musu aiki, kuma na ga bai dace mutum irin wannan ya tafi gida shiru ba.

Masana'antar tasu sassaƙa ƙarfe take yi. A ɗaure sandar ƙarfe a bakin inji ta yi ta juyawa, wuƙa na fere ta har ta zama abin da ake so: sandar famfo, zoben injin niƙa, ƙusa mai haƙora. Amma kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe sai wani ya zauna da zane ya yanke shawara. Ta ina za a fara, da wace wuƙa, da wane gudu, a huda tukuna ko a fere tukuna. In jerin ya karkace, ƙarfen ya lanƙwashe ko wuƙa ta karye. Wannan tsarin shi ne aikin Baba tun yana saurayi, kuma daga nan sunan ya manne masa.

A wancan lokacin da hannu ake tuƙa injunan, mutum na tsaye, fuskarsa da hannunsa dab da ƙarfen da ke juyawa. Baba ne ya roƙa aka ɗauki ƙanensa, autan gidansu, aka sa shi a ɗaya daga cikinsu. Auta ya iya aiki, ga barkwanci. Wata rana da hantsi hannun rigarsa ya sarƙe a ƙarfe, injin ya ja shi. Mai sito, wanda aka yi abin a gabansa, ya ce mini, "Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. A mota ya rungume kan yaron, babu abin da yake faɗa sai, ni na kawo ka, ni na kawo ka." Likitoci sun ceci hannun daga yankewa, amma yatsun dama ba su sake riƙe ko cokali ba.

Bayan wannan ne masu masana'antar suka sayo inji mai kwamfuta, wanda aka taɓa amfani da shi, mai ƙofar gilashi da ake rufewa kafin ƙarfe ya fara juyawa. Kowa ya yi murna, sai dai murnar ba ta je ko'ina ba. Injin ba ya motsi sai an rubuta masa umarni layi-layi, kowane taku na wuƙa da lambarsa, kuma rubutun abu ɗaya kan ci kwanaki. Mu kuwa masu ƙananan ayyuka sanda ɗaya ko biyu muke kawowa, muna so yau. Sai aka rufe sabon injin da tamfol, aka koma kan tsofaffin.

Baba Tsari ya haura arba'in a lokacin, bai taɓa rubuta manhaja ba. Ya shiga ajin ƙarshen mako tare da sa'o'in 'ya'yansa. Abin da ya sa a gaba shi ne ya zuba wa kwamfuta abin da ke kansa: a ba ta zane, ta gane nan kwari ne, nan rami, nan haƙora, ta jera aikin, ta zaɓi wuƙa, ta fitar da umarnin da injin zai bi. Mai ɗakinsa ta ba ni labari tana dariya, idonta kuwa ya ciko. "In na kira shi cin abinci sai ya ce saura layi ɗaya. Layin nan ɗaya, har 'yarmu ta fari ta gama makaranta bai ƙare ba. Ranar da aka ba ta shaidar kammalawa ma sai da aka tashi ya iso, da baƙin mai a hannun riga."

Baba, kai ne ka karya wuƙaƙe ka sha faɗan manaja, ka koma ka gyara. Kai ne ka riƙa tsayawa bayan tsofaffin masu sassaƙa kana tambayarsu me ya sa suka rage gudu a nan, suna amsa maka da "haka dai ake yi," kana lallashinsu har su faɗi dalili. Ba ka taɓa cewa ilimin naka ne kai kaɗai ba.

Ina wurin ranar da abin ya yi. Sandar famfona ce ma, wadda ta karye, manomi na jirana shukarsa na bushewa. Ya shigar da zanen, umarni ya zubo a fuskar kwamfuta, aka rufe ƙofar gilashi. Kafin azahar sanda na hannuna, sumul, ta shiga gurbinta ba gardama. Ma'aikata suka yi ta tafi. Shi kuwa ya ɗauki kekensa ya fita.

Daga baya na ji inda ya je. Auta a lokacin yana da ɗan shago a bakin tasha, yana sayar da batir da wayoyin caji. Baba ya same shi ya ce, "Ka dawo. Yanzu hannu ɗaya ya isa. Ka rufe ƙofa, ka danna, ka tsaya daga waje. Don kai na yi manhajar nan."

 Auta ya ce, "Yaya, na sani. Amma ka daɗe. Ni yanzu ko ƙarar injin markaɗe na ji sai in sauya hanya. Ni da ƙarfe mun yi sallama. Ka yi haƙuri."

"Ko ka zo ka gani kawai."

"Bari dai, Yaya. Zauna in sa a kawo maka ruwa."

Wannan rauni ɗaya ke nan. Na biyun ya fi ciwo. Da aiki ya yi sauri, masu masana'antar suka ƙaro injuna masu ƙofa, suka ga tsofaffin masu sassaƙa sun yi yawa. Cikin waɗanda aka sallama har da Dogo, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya fi kowa ba shi amsa lokacin da yake tambaye-tambayensa. Baba ya shiga ofishin manaja ya yi magiya a bar su ya koya musu sabon injin. Aka bar masa mutum ɗaya, ba Dogo ba. Mai sito ya ce a bakin ƙofa Dogo ya tsaya da jakar kayansa ya dube shi ya ce, "Ashe tambayar da kake mini ta wannan ce."  Har yau in sun haɗu a hanya Dogo kan amsa gaisuwa, amma ba ya tsayawa.

Na taɓa tambayar Baba ko ya yi nadama. Ya ce, "Tun da aka rufe ƙofofin nan ba wanda ya sake rasa yatsa a gidan nan. Wannan ina kwana da shi. Amma na yi ta lissafin hannun mutum, ban yi lissafin abincinsa ba. Wannan ma ina kwana da shi." Bai tsaya a nadamar ba. Duk ranar hutu yana zagaya ƙananan wuraren sassaƙa, inda wasu daga cikin waɗanda aka sallama suka koma, yana sa musu manhajar kyauta, yana zama da su har su iya. Dogo ne kaɗai bai yarda ba.

Yanzu masana'antar ta canja hannu, sababbin masu ita sun sayo wata manhaja daga waje, an ce ta fi tasa kyan gani da sauri. Wataƙila gaskiya ne. A watan gobe za a goge tasa. A ɗan taron sallamar da aka yi masa a filin aiki, sabon manaja ya yabe shi da zuwa aiki a kan lokaci. Bai ambaci manhajar ba, ina jin ba a gaya masa wanda ya rubuta ta ba. Baba ya yi godiya, ya roƙi matasan abu ɗaya: kada gaggawa ta sa su kunna inji ƙofa a buɗe.

Ana watsewa sai ga Auta a bakin babbar ƙofa. Bai tako ciki ba, amma ya zo. Da Baba ya fito rungume da kwalin kayansa, Auta ya miƙa hagu ya ce, "Kawo, Yaya. Ka tsufa, kar ka zubar mana da kaya a titi." Suka tafi a ƙasa, ɗaya da kwali, ɗaya na tura keke.

Baba Tsari, mai haƙurin koyar da ƙarfe, mun makara wajen faɗa, amma mun gode. Manoman da famfunansu suka tashi ba su san ka ba, matasan da ke komawa gida da yatsunsu cif ba su san bashin wa ke kansu ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sanyaya zuciyar Dogo. Ku kuma masu ƙera sababbin abubuwa, ku yi koyi da shi a naci, ku kuma ɗauki darasin da ya saya da tsada: kafin ku kunna abin da kuka gina, ku dubi wanda zai tsaya a gabansa, ku kuma tambayi inda wanda ya koya muku zai kwana.