Faifan da rana ta lanƙwashe

Jiya ina shara na ci karo da lanƙwasasshen faifan garmahon Kawu. Direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana zaune a garin Sabha. Duk Baturen fetur da zai bar Sabha, sai Kawu ya saye tsofaffin fayafayansa na waƙoƙin kaboyi, ya goge su da bakin rawani.

Wata rana ya ɗora ɗaya, ya kira ni. "'Yar boko, me yake cewa?"

"Matarsa ta gudu, Kawu. Kullum zancen ke nan!"

"A'a, gida yake son komawa."

Shi Kawu bai koma gida Damagaram ba. Ranar jana'izarsa mai gidan haya ya watso kayansa waje, rana ta narkar da fayafayan. Wannan kaɗai na tsinta, allura ma ba ta hawansa.

Allah Ya kai ka gidan da ya fi, Kawu.